Ajin da Yaya Habu Ya Gina

Ranar da muka dawo daga zaman makokin kawunku Habu, a cikin mota na ji ɗayanku yana ce wa ɗan'uwansa wai Kawu bai yi nisa a boko ba ne saboda ba shi da kan karatu. Ɗayan ya ce a'a, shi ya ji mutanen gari suna cewa sammu aka yi masa. Ban tanka muku ba, domin ranar bakina ya yi nauyi. Kuma ba laifinku ba ne. Kun tashi kun tarar da dattijo mai faso a ƙafa, wanda ba ya iya haɗa ido da ku idan kun gaishe shi, mu kuma da muka san abin da ya faru muka yi ta yin shiru har shirun ya zama ɗabi'a. To yau zan faɗa muku. A duk yaran da suka shiga makarantar ƙauyenmu a ƙasar Maruta, ba a yi mai kaifin kai irin na yayana ba, kuma ba wanda ya yi masa sammu.

Abin ya faru ne bayan yaƙin basasa, lokacin da aka fara cewa ƙasa ta yi arzikin mai. Mu dai a rediyon Dagaci muke jin arzikin. Abin da ya iso mana daga cikinsa shi ne samarin gari da magina suka watse zuwa Kano aikin kwangila, aka bar tsofaffi da yara. Makarantarmu ɗaki biyu ce tun zamanin En'e. Guguwa ta yaye kwanon ɗaya, aka tara manyan ɗalibai a ɗayan, mu ƙanana kuma aka mayar da mu gindin tsamiya, a jingina allo da kututturenta. Idan hadari ya taso a tashe mu, idan awaki sun ratso a tsaya a kore su. Hedimastanmu Malam Garba ya yi ta hawa kekensa zuwa Gwaram neman kwano, kullum a ce masa ana nan ana dubawa, har muka haddace amsar muna tsokanar juna da ita. Yaya Habu yana ajin ƙarshe, shi ne shugaban ɗalibai. Ni ina cikin 'yan tsamiya, mu mata ba mu fi a ƙirga da yatsu ba.

Da damina ta janye sai ga wata farar mota. Ta zo da wata Baturiya mai yawan murmushi da wani matashi ɗan Kano, Malam Lawan, wanda yake yi mata tafinta. Suka ce wata ƙungiyar masu taimako ta ƙasar waje ce ta aiko su, za su zaɓi yara daga makarantun karkara su kai su Birnin Kudu a ba su horon shugabanci da gyaran hali. Ina zaune kusa lokacin da Malam Garba ya ja Malam Lawan gefe ya nuna masa ɗakin da ba rufi.

"Malam, ko bandir ɗaya na kwano ne a taimaka mana. Ka ga inda yaran nan suke zama."

Malam Lawan ya juya wa Baturiyar, ta girgiza kai cikin tausayi, ta yi doguwar magana. Ya juyo ya ce:

"Ta ce ka yi haƙuri. Waɗanda suka aiko mu sun ce mutum za mu gina, ba ɗaki ba. Idan aka gina mutum, shi zai gina ɗakin."

Malam Garba ya ce, "Allah ya sa," ya koma ya ɗauki allinsa.

Yaya Habu suka zaɓa, kuma tafiyar ta faɗo daidai girbin dawa. A gidanmu aka yi ta muhawara. Babanmu, Malam Musa, mutum ne mai tsoron duk abin da ya zo a mota. Inna kuwa jinin Fulani ce, ɗan farinta ne Habu, ba ta kama sunansa, ba ta nuna tana son sa, amma mu mun san inda zuciyarta take. Kakarmu Iya ita ce mai faɗin abin da kowa ya ɓoye. Muna cin tuwon rana a tsakar gida Baba ya ce:

"Hali a gida ake koyon sa. Me Nasara zai koya masa wanda ba ya cikin Littafi? Kuma wa zai taya ni yankan dawa?"

Iya ta ce, "Kai ma da ka tashi ba ka saurari ubanka ba. Bar yaro ya je ya ga gari. Mu dai su dawo mana da shi yadda suka ɗauke shi."

Inna tana kwashe kwanuka, ba ta ɗago ba, ta ce, "Ni zan shiga gonar. Wancan yaron ya tafi."

Wannan ne karo na farko da na ji Inna ta sa baki a maganar Habu. Baba ya dube ta, ya wanke hannunsa, ya bar maganar. Ita da ni muka yi ta ɗaurin dami a shekarar har hannuwanmu suka yi kanta.

Ba zan yi wa mutanen nan ƙarya ba, ko da yake raina bai taɓa kwanciya da su ba. Abin da suka koya masa mai kyau ne. Ya dawo da ɗan baji a ƙirji da usur a wuya, amma ba su ne suka canza shi ba. Habu da yake da saurin hannu, wanda bulalarsa ta fi ta malamai zafi, ya ajiye bulala. Ya hana manya ƙwace ƙosan ƙanana. Ya tsara mu layi a bakin rijiya. Idan ya yi kuskure sai ya tsaya gaban kowa ya ce ya yi kuskure, abin da ba mu taɓa gani ba ko ga manya. Yana da wasu maganganu da ya zo da su, yana maimaita mana kamar karatun allo: shugaba shi ne na farko a wahala, na ƙarshe a cin abinci, shugaba ba ya jiran a zo a yi masa, abin da ka ɗauka amana ce a wuyanka. Har Baba ya sauko. Na ji shi yana ce wa abokinsa a ƙofar gida, "Ashe dai ba su ɓata shi ba."

An ba kowane yaro aiki biyu da zai yi a garinsu kafin baƙin su dawo dubawa: ya jawo yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma ya duba abin da ya fi damun makarantarsu ya magance shi da abin da ke hannunsa. Na farkon shi ya kai shi gidan Malam Idi. Malam Idi maƙwabcinmu ne, manomi, shi da matarsa Talatu sun binne 'ya'ya da yawa, ɗaya ne ya tsaya musu, Ɗahiru, sa'ana. Ko rafi ba sa barin sa ya je. Habu ya yi ta zirga-zirga gidan, yau ya taya Malam Idi sussuka, gobe ya ɗebo masa ruwa, yana lallashi. Ina biye da shi ranar da tsohon ya gaji ya ce:

"Habu, ka san shi kaɗai gare ni. Ba na son bokon nan. Amma na ga yadda ka zama. In na ba ka shi, a hannunka yake?"

"A hannuna yake, Baba Idi. Ni zan kai shi, ni zan dawo da shi."

Haka kuwa aka yi. Kullum da safe sai ya tsaya a ƙofar gidan ya yi sallama, Ɗahiru ya fito da 'yar jakarsa ta buhu, mu tafi mu uku. Yaro ne mai surutu, ga tambaya, ba ya iya zama wuri ɗaya. Cikin ɗan lokaci ya fi ni iya haɗa baƙi.

Aiki na biyu shi ne ɗakin. Habu ya tara mu ya ce tunda kwano ya ƙi zuwa, mu za mu yi wa kanmu aji na soro irin na iyayenmu. Malam Garba ya yi murna, Dagaci ya sa albarka ya ba da fili a gefen tsamiya. Duk ranin nan a kan aikin muka ƙare shi. Mu mata muna jido ruwa a tulu, maza suna haƙa ƙasa suna kwaɓawa da ƙafa, ana buga tubali ana shanyawa, ana waƙa. Ban taɓa jin daɗin wani abu a yarintata kamar aikin nan ba. Muna ganin bango yana tashi muna jin kamar mu ne muka fi kowa a duniya. Da aka zo rufi sai aka rasa azara, domin giginya ta masu hali ce kuma ba wanda zai sare mana. Habu ya je Gwaram a ƙasa ya roƙa, ya dawo hannu wofi. Sai ya tuna karatunsa, cewa a yi da abin da ke hannu. Aka saro rassan darbejiya, aka jera, aka shimfiɗa kara, aka ɗora ƙasa mai kauri aka daɓe. Manya suna wucewa suna cewa sannunku da aiki, Allah ya yi albarka. Ba wanda ya tsaya ya ɗaga kai ya duba, kowa yana ganin ai wani ya duba. Babban cikinmu a wurin nan shekararsa ba ta wuce goma sha biyar ba.

Farar motar ta dawo kafin ruwa ya sauka. Baturiyar ta yi ta tafi, har da ƙwalla. Aka jera mu a gaban ɗakin, Habu a tsakiya, Ɗahiru a gabansa, aka ɗauki hoto. Malam Lawan ya ce a duk makarantun da suka zagaya daga Wurno har Yalwan Damai ba su ga irin wannan ba, kuma za a nuna hoton a ƙasar Turawa don a san taimako yana aiki. Ba su shiga ciki ba, sun ce suna sauri, akwai wasu ƙauyukan a gaba.

Damina ta yi tsakiya, aka shiga marka, ruwa ba dare ba rana. Mu kuwa muna alfahari, karo na farko ana ruwa muna karatu. Ranar da abin ya faru da hantsi ne, ruwan ma ya tsagaita. Malaminmu ya fita karɓo alli. Na ji ƙasa tana zubo mini a ka kaɗan-kaɗan, na ɗaga ido na ga rufin ya yi ciki kamar tulun da aka cika. Sai wata ƙara, kamar an karya babban kara. Waɗanda ke kusa da ƙofa suka fita da gudu. Ni ban san sanda na faɗi ba, na dai farka na ji nauyi a kan ƙafata da laka a bakina, ina jin muryar Yaya Habu yana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Da hannu ya yi ta tona har faratansa suka fita. Shi ya zaro ni. Ƙafar nan da kuke gani ina ja, wadda na ce muku faɗuwa na yi ina yarinya, a nan ta karye. Yara da dama sun ji ciwo, aka yi ta kai mu wurin mai ɗori. Ɗahiru yana tsakiyar ɗakin, inda ƙasar ta fi kauri. Ya koma ɗauko jakarsa ne.

Habu ne ya ɗauke shi a kafaɗa, bai bar kowa ya taɓa shi ba. Waɗanda suka bi shi sun ce da ya isa ƙofar gidan ya yi sallama kamar kullum. Malam Idi ya fito, ya duba, ya karɓi ɗansa, ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya shige da shi ciki. Kukan Talatu kuwa ina kwance a ɗakin Inna nake jin sa ta katanga, kuma har yau idan na rufe ido ina iya jin sa.

Daga nan kowa ya nemi inda zai tsaya. Mutanen ofis suka zo daga Gwaram suka ce ba su ba da izinin gini ba. Aka yi wa Malam Garba canjin wuri zuwa nesa, ya tafi bai yi sallama da kowa ba, kuma ban ga laifinsa ba, mutumin ya karye. Dagaci ya ce ƙaddara ce, a bar maganar. Malam Lawan ya zo sau ɗaya shi kaɗai a kan babur, ya yi ta'aziyya, idonsa ja. Ya ce wa Baba wa'adin aikin ya ƙare, waɗanda suke ba da taimakon sun juya zuwa wata ƙasa, Baturiyar ta koma gida. Iya tana zaune a bakin ƙofa ta ce masa:

"Kun ɗora wa yaro kayan da manya suka ajiye, kun tafi. Yanzu wa zai sauke masa?"

Ya sunkuyar da kai. Ina jin shi ma ɗan aike ne. A gari ba wanda ya fito ya zargi Habu a fili, amma iyaye suka janye 'ya'yansu daga makaranta, kuma idan ya ratso majalisa sai hira ta mutu. Yara suka daina kiran ɗakin da aji, suka koma cewa kabarin Habu. Ya cire bajin da usur ɗin, ban san inda ya kai su ba. Ya rage cin abinci. Baba ya yi ta karanta masa ayoyin ƙaddara, shi kuma ya ce:

"Na yarda da ƙaddara, Baba. Amma ni na ce a hannuna yake."

Duk da haka ya zauna jarrabawar fita, domin Baba ya tilasta masa, kuma ya ci. Sabon hedimasta ya zo har gida ya ce an ba shi gurbi a babbar makarantar kwana a Birnin Kudu, wadda duk ƙasarmu ake mafarkin shiga. A zamanin nan wanda ya shiga irin wannan makaranta ya gama da talauci, shi da danginsa. Baba, wanda da ya ƙi boko, shi ne yanzu yake roƙo.

"Ka tafi, Habu. Ka bar garin nan, iska ta buge ka. Zaman nan zai kashe ka."

"Gonar Baba Idi ba a nome ta ba bana. Ya kasa fita. Ba shi da kowa."

"Za mu yi masa gayya."

"Gayya ta yini ɗaya ce. Baɗi fa? Da Ɗahiru yana nan shi zai riƙe su har su tsufa."

Iya ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce ba a biyan rai da rai, Allah ma bai ce haka ba. Liman ya zo ya ce babu diyya a kansa, babu zunubi. Habu bai musa wa kowa ba, bai kuma sauya ba. Sai Inna ta tashi daga inda take tankaɗe, ta zo ta tsaya a gabansa. Ranar ce kaɗai a rayuwata na ji ta kama sunansa.

"Habu. Ni na ce ka tafi wancan karon. Yanzu ma ni nake cewa ka tafi."

Ya durƙusa ya ce, "Inna, ki gafarce ni. In na tafi, duk abin da na tsaya gaban yara na faɗa ƙarya ne."

Washegari ya saɓi fartanya ya shiga gonar Malam Idi. Tsohon ya kore shi, ya dawo. Ya sake korar sa, ya dawo. Talatu ta yi shekaru ba ta amsa gaisuwarsa, daga baya ta fara ajiye masa fura a gindin bishiya ba tare da ta yi magana ba. Haka ya raba ƙarfinsa tsakanin gonarmu da tasu, damina bayan damina. Sa'o'insa da ya fi su a aji suka zama manyan ma'aikata, suna zuwa da motoci ranar salla, wasu su tsaya su gaishe shi, wasu su yi kamar ba su gane shi ba. Ni kuma da Baba ya ga ƙafata ba za ta yi aikin ƙarfi ba, sai ya bar ni na ci gaba da karatu har na zama malama. Duk abin da kuka ci a gidan nan, duk makarantar da kuka yi, ta wannan hanyar ya biyo. Na koyar shekaru masu yawa, kuma na ga baƙi iri-iri sun zo da motoci da kyawawan maganganu, wasu suna yin su a ɗakunan da rana take leƙowa ta rufi. Ban taɓa hana su ba, domin abin da suke faɗa gaskiya ne. Ina dai kallon yaron da ya fi kowa saurara, gabana yana faɗuwa.

Yaya Habu ya yi aure a makare, ya haifi 'yan'uwanku da kuka sani, bai hana ko ɗaya karatu ba, amma bai taɓa taka harabar makaranta ba. An nemi ya zama sarkin noma ya ƙi, an nemi ya riƙe kuɗin masallaci ya ƙi. Talatu ta rasu, shi ya haƙa kabarinta. Malam Idi ya makance, shi yake jan sa zuwa Juma'a.

Na je hutu gida a shekarar da ciwon Malam Idi ya yi tsanani, na shiga gaishe shi da la'asar. Habu yana zaune a gefen tabarma yana ba shi kunu a ludayi, furfura ta riga ta fito masa a gemu. Tsohon ya lalubo hannunsa ya riƙe.

"Habu, tun ranar ban riƙe ka a zuciya ba. Na so in faɗa maka, amma na ji tsoro in na faɗa za ka tafi ka bar mu. Ka yafe mini. Na sallame ka, ɗana. Je ka yi karatunka."

Yayana ya ajiye ludayin a hankali. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sa'an nan ya ce:

"Ina zan je yanzu, Baba Idi? Sha kunun, kada ya huce."